Wata tara da rim ɗin bidlok a jigawar Daura

Sana'ata haɗa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kuma yawancin aikin a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu yake, wani lokaci har gefen Mai'aduwa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san da ka sauka daga kwalta, rairayi ne mai laushi wanda amalanken shanu ya riga ya tone. Hilux ɗina kuwa kullum da kaya: farantan sola, bututu, buhunan siminti. Dabarar da direbobi suka sani ita ce rage iska, taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Ni ma haka nake yi, daga 35 a geji in sauke zuwa 18, in abu ya yi tsanani 15.

A watan Afrilun bara, a wani burtali bayan Baure, motar ta kafe sosai, na sauke zuwa 12. Ta fita, amma a kwanar farko tayar gaba ta dama ta saki bakin rim, iska ta fice gaba ɗaya. Ga rana tsaka, ga jak yana nutsewa cikin rairayi, ga mutanen gari suna jiran ruwa. Sai bayan la'asar muka tashi. Daga ranar na fara neman bidlok.

A rim na gama-gari, iskar da ke ciki ce take danne leɓen taya a jikin ƙarfe. In iska ta yi ƙasa, riƙon ya yi rauni. Shi bidlok, zobe ne na ƙarfe ake ɗora wa leɓen waje, a ɗaure shi da notuna kewaye, leɓen ya matse tsakanin zoben da rim. Nawa notuna 24 ne a kowace ƙafa, akwai masu 32. Leɓen ciki ba a ɗaure yake ba, shi har yanzu iska ce ke riƙe shi. Masu kama gefe biyu akwai su, irin na motar sojan Amurka Humvee, amma ba su ne suka fi yawa a kasuwa ba.

Wajen saye ne na fi shan wahala, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. A wani shago a Kano aka fito mini da rim mai sheƙi, da kawunan notuna jere a bakinsa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan shi ne bidlok ɗin da kake nema." Na ce, "Malam, a kwance mini zoben in gani." Babu zoben da ke fita. Ado ne kawai aka zuba tare da rim ɗin, ba ya riƙe komai. Irin wannan ya cika gari. Na gaskiya, zobensa yana cirewa gaba ɗaya, ka ga inda leɓen taya zai kwanta.

Sai batun dacewa da mota. Hilux rami shida gare ta na ɗaure rim a mota, awon 6x139.7, wato rami shida a da'ira mai faɗin milimita 139.7, haka Prado da Land Cruiser 80. Amma Land Cruiser 100 da 200 rami biyar ne, 5x150, don haka kada wani ya ce maka duk Toyota ɗaya ce. Ramin tsakiya ma sai an auna, na Hilux milimita 106 ne da ɗoriya. Na ɗauki inci 17, domin a ƙaramin rim taya tana da tsayin gefe da za ta baje da shi. Wanda ya sa bidlok a inci 20 da siririyar taya bai bar wa kansa abin ragewa ba. A kuma duba yadda rim ɗin ya turo waje. In ya wuce kima, taya za ta riƙa gugar jikin mota a kwana, boris ma ya riƙa ci da wuri. Abin da ban sani ba sai da kaya suka iso shi ne kaurin leɓen taya. Tayoyina masu kaurin leɓe ne, zoben ya so ya karkace, sai da aka ƙara wani siririn zobe a tsakani kafin ya zauna daidai.

Ɗaurawa ta cinye mana yini guda ni da mai facin unguwarmu. Ba a sa ƙarfe a banƙare leɓen waje, da hannu ake kwantar da shi, da ruwan sabulu. Notunan kuma ba a bin su a jere: ka ɗaure wannan, ka tsallaka na gabansa ta can gefen, zagaye uku ko huɗu, da sifana mai awo, a tsaya daidai adadin da takardar kamfani ta rubuta. Ƙarfin kaɗan ne ƙwarai. Mai hannu da nauyi zai tsinke noti ko ya cinye zaren rim.

To, a yashi fa? Alhamdu lillahi. Ina sauka zuwa 10, sau biyu har 8, da kaya a baya, motar tana tafiya a hankali kamar raƙumi, ba tonawa, ba ihun inji. Wata tara ke nan taya ba ta saki ba ko sau ɗaya. Da damina ma, a laka ta bakin fadama, na ga amfaninsa. Sai dai gefen taya yana fitowa fili in ta baje, kuma kututturen gona da ƙayar aduwa ba su san bidlok ba. Na rasa taya ɗaya a haka.

A kwalta kuwa ban ji daɗinsa ba. Ya fi rim ɗin asali nauyi, man da nake sha ya ƙaru, kuma duk balansin da aka yi, sitiyari yana ɗan rawa in na wuce 100 a hanyar Katsina. A jikin nawa an rubuta cewa don daji aka yi shi, kuma a Amurka yawancinsu ba su da amincewar hukuma ta hawa babban titi. Dole kuma in tsaya in mayar da iska kafin in hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe. Don haka ƙaramin injin iska mai jona batir ba ya barin motar. Kowace Asabar da safe ina bin notuna 96 ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa nakan tarar da biyu ko uku sun saki. Sau ɗaya yashi ya shiga ƙarƙashin zobe, iska ta riƙa zurarewa, sai da muka kwance muka wanke.

Ƙanin matata ya ga motar ya ce shi ma zai sa wa Prado ɗinsa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da sauke iska ƙasa da 20. Ya ce bai taɓa ba, zirga-zirgarsa Daura zuwa Kano ce ta Kazaure. Na ce ya sayi taya mai kyau da geji da injin iska, ya bar sauran kuɗin a aljihu. Ni kuwa ina tara na rim na biyar, domin safayata har yanzu a rim ɗin asali take, kuma ranar da na rasa waccan tayar sai da na fito daga daji da ƙafa ɗaya da ba zan iya sauke wa iska ƙasa da 15 ba.