Jaisalmer, Khiva ko Ait Benhaddou: Wane Birnin Hamada Ya Cancanci Kuɗin Tafiyarka?

Duk wanda ya tara kuɗi domin ya je ya ga tsohon birni mai ganuwa a tsakiyar hamada, zaɓin da ke gabansa a yau bai wuce uku ba. Shibam ta ƙasar Yaman, mai dogayen benayen laka, yaƙi ya toshe hanyarta, Bam ta Iran kuwa girgizar ƙasar watan Disambar 2003 ta rushe ta, don haka galibin abin da baƙo zai tarar a can sabon gyara ne. Waɗanda suka rage su ne Jaisalmer a Indiya, da Khiva a Uzbekistan, da Ait Benhaddou a Maroko, kuma abin da nake auna su da shi guda ne: shin har yanzu akwai masu kwana su tashi a cikin ganuwar, ko kuwa an mayar da wurin abin kallo kawai?

Ait Benhaddou, wadda ke da nisan kimanin kilomita 30 daga garin Ouarzazate, tana da ban sha'awa idan aka hango ta daga tsallaken kogin Ounila, amma yawancin mazaunanta sun koma sabon gari, kuma cikin sa'o'i biyu baƙo ya gama zagaya ta. Khiva tana da ganuwa mai tsayin kusan mita 10 da masallacin Juma'a mai ginshiƙan katako fiye da 200, sai dai yawancin gine-ginenta na ƙarni na 18 da na 19 ne, an kuma gyara ta tsaf har ta fi kama da gidan tarihi.

Jaisalmer daban ce. Sarki Rawal Jaisal ne ya kafa ta a shekarar 1156 a kan dutsen Trikuta, cikin hamadar Thar ta jihar Rajasthan, kuma ganuwarta mai hasumiyoyin tsaro 99 an gina ta ne da dutse ruwan ɗorawa wanda ke komawa kalar zinariya idan rana ta doshi faɗuwa. Mai shiga sai ya bi ta ƙofofi huɗu a kan hanya mai hawa da karkace-karkace, wadda aka tsara haka domin kada mahara su samu filin yin gudu su daki ƙofa. Da zarar ya wuce ta ƙarshe, zai tarar da dubban mutane suna zamansu: mata na shanya a kan soro, yara na dawowa daga makaranta, saniya ta tsaya a tsakiyar lungun da mutum biyu ba sa jerawa sai an raɓa ta an wuce. A nan ne fadar sarakuna take, da wuraren ibadar mabiya addinin Jain masu sassaƙa mai laushi, a ƙasan dutsen kuma akwai gidajen attajiran fatake irin su Patwon ki Haveli, waɗanda aka sassaƙa tagoginsu na dutse kamar saƙar hannu. Arzikin ayarin raƙuma ne ya gina su, kafin cinikin teku ta Bombay (Mumbai a yau) da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 su kashe hanyar. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kuma shiga cikinta kyauta ne, sai dai a biya kuɗin gidan tarihin fada.

Batun masauki yana bukatar tunani. An gina birnin ne a zamanin da ake ɗauko ruwa a ka, amma yanzu famfo da bandakunan otal-otal suna zubar da ruwan da tsofaffin magudanai ba za su iya ɗauka ba, ruwan yana ratsa ƙasan dutsen, har wasu sassan ganuwar sun taɓa zubewa. Shawarata ita ce a kama ɗaki a wajen ganuwa, inda za a riƙa hangen ta daga soro, a kuma zo tsakanin Oktoba da Maris, domin a watan Mayu zafi yakan haura digiri 45.

Inda Jaisalmer ke cin kuɗin baƙo ba bisa ƙa'ida ba shi ne fita hamada a kan raƙumi, kuma a nan ne aka taɓa cuta ta. Na biya kuɗin kwana a sarari nesa da jama'a, aka sauke ni a wani sansanin tantuna a bakin kwalta, ana kiɗa da lasifika har dare ya raba, hawan raƙumin ma bai kai rabin sa'a ba. 'Yan kamasho suna tarar baƙi tun a tashar jirgin ƙasa, wasu ma tun cikin jirgin da ke tasowa daga Jodhpur, su yi tayin ɗaki mai arha ƙwarai, alhali ribar tana cikin tafiyar hamadar da za su matsa wa mutum ya saya daga gare su. Wanda ya ƙi saya yakan ga fuska ta canza, wani lokaci a ce masa ɗakin na wani ne. Akwai kuma masu kwaikwayon sunan masaukin da ya yi suna, su ƙara harafi ɗaya, direba ya kai baƙo can ya rantse nan ne. Kafin ka biya ko rupi ɗaya, ka nemi a rubuta maka inda za a kwana, da tsawon lokacin hawa, da yawan mutanen da za ku tafi tare, da ko ruwan sha da bargo suna cikin farashin, sannan ka riƙe wani kaso sai an dawo. Tuddan yashi na Sam, kimanin kilomita 40 yamma da gari, su ne mafi cunkoso, yankin Khuri ya fi natsuwa.

Haka abin yake a shagunan cikin ganuwa. Mayafin da aka ce maka pashmina ne, wato ulu mai laushi da tsada na gashin akuya, a farashin banza zaren roba ne, azurfar da ba ta da hatimi sau da yawa wanki ne a kan wani ƙarfe, kuma ɗan jagoran da ya nace sai ka shiga shagon "ɗan'uwansa" yana da kasonsa cikin abin da za ka biya. Mai zuwa Maroko ma ya kiyayi duwatsu masu ƙyalli da ake rinawa a sayar a kan hanyar Tizi n'Tichka, wadda ke ratsa duwatsu tsakanin Marrakesh da Ouarzazate. Mafi haɗari a Jaisalmer shi ne kayan da ake cewa na tarihi ne: idan na jabu ne ka yi asara, idan kuma na gaske ne, dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihin da suka haura shekara 100 daga ƙasar, kuma a hannunka jami'an kwastan za su same su.