Wane modem za ka saya wa rawutar Linux a Kebbi?

Kafin ka tambayi kuɗin modem, tambayi ko direbansa, manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi, yana cikin kanel, wato zuciyar Linux. Mai kafe a Jega ko mai haɗa wa makaranta intanet a Zuru da OpenWrt, wato Linux ɗin da ake sa wa rawuta (na'urar rarraba intanet), bai da lokacin gina direba duk ranar da aka sabunta tsari. A kan wannan ma'auni Quectel EC25 ya fi sauran, kuma ba da ƙaramar tazara ba.

Kana jona shi, umarnin lsusb mai jera na'urorin USB zai nuna lambarsa, 2c7c:0125. Direban option ya buɗe ttyUSB0 zuwa ttyUSB3, direban qmi_wwan kuma ya ba ka cdc-wdm0 da wwan0, mashigar da intanet ke bi. Ta ttyUSB2 ake yi masa magana da umarnin AT, wato umarnin rubutu da modem ke ganewa, kuma daɗinsa ke nan: in ya sami matsala yakan faɗi abin da ke damunsa. Gudunsa na saukewa ya tsaya a megabit 150, wanda ya wuce abin da yawancin turakunmu ke bayarwa. Abu ɗaya ke yawan kayar da mutane. Modem ya yi rajista, ya karɓi adireshi, amma ko ƙwayar bayani ba ta wucewa. EC25 ba ya sa wa bayanansa kan Ethernet (header), don haka sai ka sauke wwan0, ka rubuta Y a /sys/class/net/wwan0/qmi/raw_ip, sannan ka ɗaga shi. Tun kanel 4.5 aka sa wannan maɓalli. Wanda ya girmi haka, sabunta shi ya fi faci sauƙi. In QMI, hanyar da qmi_wwan ke magana da modem, ta gagara, akwai wasu hanyoyi biyu: AT+QCFG="usbnet",2 zai mai da shi MBIM, 1 kuma ECM. Kada ka yi saurin cusa lambarsa ta USB a fayil ɗin new_id na direban option, domin direban zai iya cafke har mashigar da qmi_wwan ke buƙata, wwan0 ya ɓace.

Ka duba haruffan ƙarshen sunan modem ɗin da kyau, su ke nuna zangon mitar 4G (B3, B7 da sauransu) da yake kamawa. EC25-E yana da B3, B7 da B20, ya wadaci MTN da Airtel. Mai son Glo a B28 sai EC25-EU. EC25-A da EC25-AF na Amurka ne, a nan ba su da amfani ko kyauta aka ba ka.

Huawei E3372h yana aiki, amma yana ɓoye komai a bayan 192.168.8.1, kuma in manhajar usb_modeswitch ba ta juya shi zuwa modem ba zai zauna a 12d1:1f01 a matsayin faifai. Sierra EM7455 da aka ciro daga kwamfutar Lenovo yakan zo da rediyo a kulle. Fibocom L850-GL kuwa, bar shi inda ka gan shi.

Rabin abin da ake ɗora wa direba laifin wuta ne. In dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, yana ta maimaita USB disconnect da error -71, lambar na'urar tana ƙaruwa, kada ka taɓa kanel tukuna. Lokacin da modem ya faɗa 2G yakan fizgi kusan amfiya 2 a ɗan lokaci, tashar USB 2.0 kuwa miliamfiya 500 aka tsara mata. Sayi allon adafta mai nasa wutar, da gajeriyar waya mai kauri, musamman in da sola ko tsohuwar inbata kake aiki. A watan Afrilu, da zafin Birnin Kebbi ya haura digiri 40, rawutar da ke ƙarƙashin kwano tana dahuwa. AT+QTEMP zai gaya maka zafin cikinsa. Mutanen Kamba da sauran bakin iyaka su ɗaure shi da AT+COPS a kan 62130 na MTN ko 62120 na Airtel, don kada ya tsallaka layin Nijar.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi komai ɓata rai. Ana ciro EC20 na kasuwar Sin daga tsofaffin na'urori, a liƙa masa takardar EC25. Wasu nau'o'insa suna nuna 2c7c:0125 ɗin nan dai, saboda haka lsusb ba shaida ba ne. A gaban mai kaya ka buga ATI da AT+QGMR, ka karanta sunan da ke cikin manhajarsa, sannan AT+GSN ka gwada IMEI, lambar shaidar na'urar, da wanda ke jikin takarda. In sun saɓa, mai da masa kayansa. Duba ƙananan soket na eriya: wanda ya lotse ko aka sake yi masa dalma ya sha aiki, ko da an ce maka sabo dal ne. Akwai kuma fararen sandunan nan marasa suna masu rubutun 4G a jiki. Da yawansu guntuwar Android ce a ciki, suna zafi, suna sake kunna kansu, kuma ba su da mashigar QMI da za ka bincika. Mai kayan da ya ce ba a gwaji sai an biya, wuce shagon gaba. Tafi da kwamfutarka da layinka, ka bar modem ɗin yana sauke babban fayil na minti 20 kana kallon dmesg -w kafin ka ƙirga kuɗi.