Shafuka bakwai a ƙarƙashin rufi ɗaya: abin da na gani a WordPress Multisite cikin shekara biyu

Gajiya ce ta kai ni ga Multisite, tsarin da ke ba ka damar tafiyar da shafukan intanet da yawa a kan WordPress ɗaya, wato manhajar nan ta gina shafuka. A lokacin shafukan intanet biyar nake kula da su, duk na wata ƙungiya mai rassa, kowane reshe da nasa shafi, kowane shafi da tasa manhajar WordPress, da nasa rumbun bayanai, da tasa kalmar sirri. Duk ranar da aka fitar da gyaran tsaro sai na shiga sau biyar, na danna maɓalli iri ɗaya sau biyar, na zauna ina kallon allo yana juyawa sau biyar. Akwai ma wanda na sha'afa da shi har wata huɗu bai ga sabuntawa ba, sai da na shiga neman wani abu daban na tarar da jan lamba tana jirana. Ranar na ce wannan wahala ta isa.

Multisite ba wata manhaja ba ce da ake saukowa da ita daban. Yana kwance a cikin WordPress ɗin da kowa ke amfani da ita tun fitowa ta 3.0 a 2010, lokacin da aka haɗe tsohuwar WordPress MU da uwar manhajar. Layi guda za ka ƙara a fayil ɗin wp-config.php, wato define( 'WP_ALLOW_MULTISITE', true ). Sai wani sabon zaɓi ya bayyana a sashen kayan aiki. Ka bi shi, ya ba ka wasu layuka ka kwafe zuwa wp-config.php da .htaccess, ka fita ka sake shiga, shi ke nan ka zama mai gida. Daga nan manhaja ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, amma shafuka ko nawa kake so, dukansu tare ake kira cibiya.

Tuntuɓen farko tun a bakin ƙofa na yi shi. Tsarin na tambayarka yadda kake son adireshin shafukan ya kasance: ko sunan reshe ya zo bayan babban adireshi da 'yar karkatacciyar sanda a tsakani, ko ya zo a gabansa da ɗigo. Ni na farkon na so, domin ba ya buƙatar a taɓa komai a wajen saba, wato kwamfutar da shafukan ke zaune a kanta. Sai WordPress ta ƙi ba ni zaɓin. Ashe idan shafin da kake mayarwa cibiya yana da rubuce-rubucen da suka wuce wata ɗaya, na biyun kawai take yarda da shi, don gudun kada adireshin sabon shafi ya yi karo da na tsohon rubutu. Dalili ne mai kyau, amma ya jawo mini aikin da ban shirya masa ba: sai da na saka alamar tauraro a bayanan DNS, masu nuna wa kowane adireshi sabar da zai nufa, domin duk sunan da aka ɗora a gaban adireshin ya sauka a saba ɗaya, sannan na nemi takardar shaidar tsaro mai rufe su duka. Let's Encrypt na ba da irinta kyauta tun 2018, sai dai ta DNS ake tabbatar da cewa adireshin naka ne. Yini guda ya tafi a nan. Kwashe tsoffin shafukan zuwa sabon gida kuma ya cinye mini kwana biyu, saboda kayan fitarwa da shigarwa na WordPress rubutu da hotuna suke ɗauka, saituna kam da hannu za ka sake jera su.

Wanda ya buɗe rumbun bayanan ya duba da idonsa ya gama fahimtar Multisite, alherinsa da sharrinsa. Kowane shafi lamba gare shi, da tebura, wato jadawalan da ake jera bayanansa a ciki. Babban shafi shi ne na 1, teburansa na riƙe da sunayen da aka saba, wp_posts, wp_options da sauransu. Na biyu kuwa nasa wp_2_posts ne da wp_2_options, na uku wp_3_posts, haka dai. Tebura 10 kowane sabon shafi ke samu. Hotuna ma kowa da ɗakinsa: na shafi na 2 suna cikin uploads/sites/2. Lambar da aka taɓa bayarwa ba a maimaita ta. Na taɓa buɗe shafin gwaji na goge, har yau babu lamba 4 a jerin nawa, daga 3 sai 5. Abin da ba a raba ba shi ne mutane. Teburan wp_users da wp_usermeta na kowa da kowa ne, saboda haka mutum ɗaya asusu ɗaya yake da shi a duk cibiyar, sai dai ya zama edita a wannan shafi, mai karatu kawai a wancan. Fayilolin fulogin (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki) da na jigo (mai ba shafi kamanninsa) ma kwafi ɗaya ne a kan saba, duk shafukan daga nan suke ɗiba.

Watannin farko na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sabuntawa ta koma dannawa ɗaya, sai in WordPress kanta ce aka sabunta a ƙara da maɓallin da ke zagaya shafukan ɗaya bayan ɗaya yana daidaita teburansu. Buɗe sabon shafi ya zama aikin minti biyu: suna, adireshi, imel, an gama. Sakatariyar ƙungiyar, wadda da take riƙe da kalmomin sirri uku a bayan littafinta, ta koma shiga da guda ɗaya tana tsallakawa daga shafi zuwa shafi ta jerin da ke saman allo. Na gyara ƙasan jigonmu sau ɗaya, gyaran ya fito a rassa biyar lokaci guda.

Abin da na fi yabawa kuma shi ne abin da wasu suka fi tsana. A Multisite babban mai gudanarwa kaɗai, wanda ake kira Super Admin, ke iya girka fulogin ko jigo. Mai kula da shafi ɗaya iyakarsa ya kunna abin da aka riga aka ajiye masa, shi ma in an buɗe masa wannan ƙofar. Ko ɗan guntun lambar JavaScript ya liƙa a cikin rubutu, yana danna ajiyewa manhajar za ta tsince ta ta zubar. Ga rassan ƙungiya wannan rahama ce. Mutanen da ke cika shafi da fulogin takwas don kawai sun ga an yaba su a wani bidiyo sun daina, ni kuma na samu barci.

Daɗin ne ya ruɗe ni. Wasu mutum biyu da ba su da alaƙa da ƙungiyar suka nemi in yi musu shafi, sai na ce me zai sa in sake kafa sabon gida ga ɗakuna a buɗe? Tun fitowa ta 4.5 a 2016 ana iya ba kowane shafi nasa cikakken adireshi ba tare da wani fulogin ba, mai ziyara ba zai taɓa sanin rufinsu ɗaya da wasu ba. Na saka su, suka zama na 7 da na 8. Kuskurena ke nan, kuma nawa ne ni kaɗai.

Kafin wannan kuskure ya nuna kansa, wani ya riga shi. Wani dare na sabunta wani fulogin na fom wanda na kunna wa cibiyar gaba ɗaya. Sabon ya yi karo da wani tsohon fulogin da ke zaune shiru, nan take shafuka bakwai suka koma farin allo da layi ɗaya mai cewa an samu babbar matsala. Har sashen gudanarwa ya rufe. A WordPress ta shafi ɗaya, tun 5.2 ana aiko maka da wata mahaɗa ta imel ka shiga ka kashe abin da ya ɓata. A Multisite wannan hanyar ceto ba ta aiki. Na shiga saba ta SFTP, hanyar isa ga fayiloli kai tsaye, hannuna na rawa, na nemo babban fayil ɗin fulogin na ƙara masa harafi ɗaya a suna don manhajar ta kasa ganinsa. Shafukan suka farfaɗo. Minti 20 ne duka-duka, amma a cikinsu waya ta yi ƙara sau huɗu. Da a ce gidaje bakwai ne daban-daban, da ɗaya ne ya faɗi na gane kafin in taɓa sauran. Tun daga ranar ba na sabunta komai sai na gwada a kwafin gwaji.

Ajiyar ko-ta-kwana ma ta koya mini darasi. Editan reshe na 5 ya goge wasu rubuce-rubuce, ya kuma zubar da kwandon shara, sai bayan kwana uku aka lura. Ina da ajiya, amma ta rumbun duka ce. In na mayar da ita yadda take, na shafe aikin kwana uku na sauran shida ke nan. Dole na buɗe ajiyar a wani rumbu na daban, na tsamo layukan da ake buƙata daga wp_5_posts da wp_5_postmeta, na dasa su a wurinsu. Ana iya yi, amma ba aikin danna maɓalli ba ne, kuma wanda bai saba da SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai, ba zai sha gumi.

Sai maganar mai shafi na 8. Kasuwancinsa ya ɗan buɗe, ya kira ni ya ce, "Malam, ka ba ni izini in riƙa saka abin da nake so da kaina mana, ba sai na jira ka ba." Gaskiya ce ya faɗa, shafinsa ne. Amma hanya ɗaya ta ba shi wannan izini ita ce in mai da shi Super Admin, wato in miƙa masa makullin ɗakunan mutanen da bai ma san da su ba. Ga shi fulogin ɗin da yake so na ciniki ne mai nauyi, saba ɗaya kuma muke ci, in shafinsa ya cika da masu saye sauran ma za su ji a jikinsu. Na ce masa, "Alhaji, gara in fitar da kai ka tsaya da ƙafarka."

Shiga ta ɗauki minti biyu, fita ta ɗauki yini da rabi. Babu wani maɓalli a WordPress na cire shafi daga cibiya. Na kwashe duk teburan da suka fara da wp_8_, na sauya musu suna zuwa wp_ a sabon rumbu. Na tsinci mutanensa ɗaya-ɗaya daga teburin da kowa ke ciki, na kula kada lambobinsu su canja, in ba haka ba rubutu zai koma sunan wani. Hotuna na ɗauke su daga uploads/sites/8 zuwa uploads, wanda ke nufin duk adireshin hoto da ke cikin rubutu ya zama ƙarya sai an gyara. Wannan gyara ba a yin sa da nemo-ka-musanya na gama-gari, domin WordPress na ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu, ka rage harafi ɗaya ba ka gyara ƙidayar ba saitin ya lalace. Umarnin search-replace na WP-CLI, kayan sarrafa WordPress ta rubuta umarni, shi ya san kan wannan. Bayan na gama na shiga da murna, sai shafin ya ce ba ni da izinin ganin sashen gudanarwa. Kusan awa guda ina laluben dalili. Ashe sunan teburi kawai na canja, na manta lambar tana ɓoye a ciki ma: wp_8_user_roles a teburin saituna, da wp_8_capabilities a bayanan masu asusu. Layi biyu na gyara ƙofa ta buɗe.

Akwai ƙananan abubuwan da ba su kai a yi kuka ba, sai dai tsaki. Girman fayil ɗin da ake iya ɗorawa yana farawa ne a kan kilobayit 1500, hoton waya ɗaya ya fi haka, editoci suka yi ta ƙorafi kafin in gano saitin a sashen cibiya. Shafin da ba a cika ziyarta ba yakan makara wajen fitar da rubutun da aka sa wa lokaci, saboda agogon WordPress sai wani ya leƙo yake motsawa, kuma kowane shafi nasa yake jira. Na magance shi da cron, wato agogon saba, mai zagaya su duka. Ba kowane fulogin ne ya san da zaman Multisite ba, wasu masu lasisi kuma kowane shafi ƙidaya shi suke yi daban.

To wa zan ce ya yi amfani da shi? Tambaya ɗaya nake yi yanzu kafin in saka shafi a cibiya: mai shi ɗaya ne da sauran, kuma zai yarda ya sa irin kayan da suka sa? Sassan makaranta, rassan ƙungiya, jarida mai fitowa da harsuna daban-daban, waɗannan an yi tsarin ne dominsu, kuma na ba shi maki huɗu cikin biyar a irin wannan aiki. In kuwa matsalarka kawai ita ce mai masaukin shafinka rumbu ɗaya ya ba ka, ba ka buƙatar Multisite ko kaɗan: girka WordPress daban-daban a rumbun, kowacce ka ba ta nata $table_prefix, wato haruffan da sunayen teburanta za su fara da su, kowa ya ci gashin kansa.

Rassa biyar na nan a cibiyar har yau, ban kuma da niyyar raba su. Mai shafi na 7 bai taɓa cewa komai ba, ya gamsu da yadda yake. Duk da haka na rubuta matakan fitar da shi a wani fayil, layin wp_7_user_roles na ja masa layi biyu a ƙasa, wata mai zuwa zan kira shi mu sa rana.