Zarton Makita SP6000 Bayan Shekara Biyu a Shagona: Ko Tsadarsa Ta Biya?

Sana'ata haɗa kabad na ɗakin girki da wadirof, kuma mafi yawan aikina a kan allunan MDF (na garin katako da aka matse) da filawud ne masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Duk kafintan da ya taɓa yanka irin wannan allo mai rufin melamin (siririyar roba mai tauri da santsi da ake lulluɓe fuskar allo da ita) da zarton lantarki na gama-gari ya san ɓacin ran da ke ciki: haƙoran zarto suna fizge rufin, bakin yanka ya fito da ƙananan tsage-tsage kamar ɓera ya gwaguya, sai a koma ana gogewa ana cikewa, kuma duk da haka idon mai kaya ba ya rasa ganin aibin. Wannan ne ya sa na rufe ido na sayi Makita SP6000 tare da doguwar sandar alminiyum da yake gudu a kanta, a kan kuɗin da a lokacin zai iya saya mini zartuna masu araha har huɗu.

Kamfanin Makita na ƙasar Japan ne, an kafa shi a birnin Nagoya a 1915 yana gyaran injinan lantarki, kuma a 1958 ya fito da injin kankare katako mai aiki da lantarki wanda ya ɗaga sunansa a tsakanin kafintoci. Shi wannan zarto yana da ƙarfin wat 1,300, faifan haƙoransa milimita 165 ne, kuma yana nutsewa cikin katako har zurfin milimita 56. Bambancinsa da zarton da muka saba shi ne faifan yana ɓoye a cikin jikinsa, sai ka danna shi sannan ya sauko, saboda haka kana iya fara yanka daga tsakiyar allo, misali wurin buɗe ramin da za a zaunar da kwamin wanke-wanke a saman kabad.

Amfanin gaskiya yana wurin sandar. Kana ɗora ta daidai a kan alamar fensir, robar da ke ƙarƙashinta ta riƙe allo ba ta zamewa, wata siririyar roba a bakinta kuma ta danne fuskar melamin a daidai inda haƙori zai fito. Akwai ɗan maɓalli da ke tsayar da faifan a zurfin milimita biyu zuwa uku, ka fara bi sau ɗaya ka tsaga rufin kawai, sannan ka dawo ka yanke gaba ɗaya. Ranar farko da na gwada, na haɗa bakunan alluna biyu na ɗaga su wajen hasken rana, ban ga ko siririn haske yana ratsawa tsakaninsu ba. Tun daga nan na daina kai alluna wurin masu babban injin tebur ina biyan kuɗin yanka da na dakon kura, kuma asarar allo saboda karkataccen yanka ta ragu ƙwarai. A nan ne kuɗina ya dawo.

Zarton da nake amfani da shi kafin wannan, wanda ba zan ambaci sunan kamfaninsa ba, bai cika wata takwas ba faifansa ya fara rawa domin boris ɗin da ke riƙe shi ya ci, kuma sau biyu ina kai shi wurin mai naɗin koyil. Tsadar injin kirki tana tafiya ne a irin waɗannan wuraren da ido ba ya gani a kanti: ingancin boris, kaurin wayar tagulla a cikin motar lantarkin da ke juya faifan, farantin ƙasa da ba ya lanƙwashewa, da na'urar da ke sa injin ya tashi a hankali ya kuma riƙe gudunsa idan ya shiga katako mai tauri irin ƙawo ko maɗaci.

Akwai kuma batun garin katako, wanda mu kafintoci muka raina. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanci. Wannan zarto rufaffe ne, yana da bututun da ake jona wa injin zuƙar ƙura, kuma tun da na jona shi yaran shagona sun daina tashi da hanci cike da garin MDF.

Sai dai mai niyyar saye ya lissafa abin da ke biyo baya. Sandar daban ake sayar da ita, kuma idan kana son yanka allo a tsawonsa sai ka sayi mai mita 3 ko ka haɗa gajeru biyu. Faifan milimita 165 mai haƙora masu yawa ba a kowane shago ake samunsa ba, don haka nake ajiye guda biyu. Na'urar daidaita gudu ba ta son wutar da ke hawa da sauka, shi ya sa ba na jona shi a ƙaramin janareta sai ta hanyar sitabilaiza. Masu sayen na gwanjo su duba tambarin jikinsa da kyau, domin wanda aka ƙera don Amurka na volt 120 ne, alhali wutarmu 230 ce. Jabu ma ya yi yawa a kasuwa, launi ɗaya, suna ɗaya, amma nauyinsa a hannu da ƙarar motarsa suna tona asirinsa.

Na taɓa riƙe wani zarto irin wannan, Festool TS 55 na Jamus, a wurin wani abokin sana'a, kuma ya fi nawa laushin tafiya, amma ban ga bambancin da zai sa in ƙara wannan kuɗi ba, ga shi kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje. Kafintan rufin gida mai yanka katakon biyu-da-huɗu kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, zarto mai matsakaicin kuɗi da faifai mai kyau ya ishe shi. Ni ma injin huda rami da na gogewa da ke shagona masu araha ne, kuma ba ni da niyyar canza su. Zarton kaɗai na kashe wa kuɗi, domin shi nake ɗauka tun safe har la'asar, kuma a bakin yankansa ne mai kaya yake fara shafa hannu idan ya zo karɓar kabad ɗinsa.