Sifaniya ko Chile: ina aka fi rage wa matafiyi hanya?

Ɗan'uwa, ka ce guzurinka kaɗan ne, kana son ka saɓa jaka a baya ka riƙa tsayar da motoci suna rage maka hanya, kuma kana tambaya tsakanin Sifaniya da Chile ina ya fi. Harshensu ɗaya, amma halin direbobinsu ya sha bamban.

A Sifaniya doka ta hana mai tafiya a ƙasa hawa manyan titunan da suke kira autopista da autovía, alhali ta nan motocin nesa suke bi. In ka tsaya a gefensu kana ɗaga babban yatsa, 'yan sandan Guardia Civil ne za su fara tsaya maka. Sai dai ka tafi gidan mai, ka bari mutum ya gama shan mai, ka gaishe shi, ka tambayi inda ya nufa. Ko a hakan ma yawancinsu ba su saba ɗaukar baƙo ba. Na taɓa yin awa biyar a wani gidan mai kudu da Madrid cikin watan Yuli, ruwan gorata ya yi zafi kamar na shayi, kowa sai ya yi murmushi ya ce sauri yake. Daga Madrid zuwa Sevilla kusan kilomita 530 ne. Ka shiga bas, ko ka nemi mota ta manhajar BlaBlaCar ku raba kuɗin mai da direba, ka huta da rana.

Kudancin Chile kuwa wata duniya ce. Suna ce wa abin "hacer dedo", kuma ba abin kunya ba ne. Ɗalibansu ma haka suke yawon hutu. Hanyar da nake nufi ita ce Carretera Austral, wadda aka fara ginawa a 1976, mai tsawon kilomita kusan 1,240 daga Puerto Montt zuwa Villa O'Higgins. Motocin haya ba su da yawa, ƙauyuka sun yi nisa da juna, shi ya sa mutanen wurin suka san darajar ɗaukar wanda ya tsaya. Wani manomi ya taɓa ɗora ni a bayan a-kori-kurarsa tare da buhunan abincin dabbobi kusa da Coyhaique, da muka sauka ya miƙo mini mate, ganyen shayinsu mai ɗaci da ake zuƙa da tsinken ƙarfe. Kofi ɗaya ake zagayawa da shi, kuma in ka ce "gracias" ka nuna ya ishe ka ke nan, don haka kada ka yi saurin godiya.

Amma sauƙin yana da nasa wahala. Wani ɓangaren hanyar burji ne, ruwan sama ba ya sallama, akwai wuraren da dole ka hau jirgin fito, kamar daga Hornopirén zuwa Caleta Gonzalo. A watan Janairu da Fabrairu, lokacin zafinsu, za ka tarar da layin masu jaka a bakin gari, kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara ɗauka. Ka riƙe tanti da rigar ruwa, kada kuma ka hau motar da hankalinka bai kwanta da ita ba, ko da dare ya kusa.

Da fasfon Najeriya duka biyun sai da biza, takardunka kuma su kasance a jikinka, ba a ƙasan jaka ba. In za ka shiga Chile, jami'an SAG, hukumar kula da noma da dabbobi ta ƙasar, suna bincikar abinci sosai: nama, zuma, 'ya'yan itace. Kilishin da aka ƙulla maka daga gida ka bayyana shi a fom, domin ɓoye shi yana jawo tara.

In rage hanya ce burinka, Chile zan tura ka, a watan Nuwamba ko Maris, lokacin da layin ba shi da tsawo kuma sanyi bai yi tsanani ba.