Nusuk da ziyarar Gwaggo a Rauda

Shekara tara ina Madina, kuma na tuna lokacin da shiga Rauda sai mai ƙarfin kafaɗa. Da Gwaggo ta zo Umara daga Kano a bana, na ɗauko wayarta na saka mata Nusuk, manhajar Ma'aikatar Hajji da Umara da ta gaji tsohuwar manhajar Eatmarna a 2022. Lambar fasfo, lambar biza, sai ga jerin lokutan shiga Rauda. Muka zaɓi bayan isha'i.

"Wannan ɗan zanen ne zai shigar da ni, ɗan nan?" ta ce, tana nuna lambar QR. Shi ɗin ne kuwa. Ma'aikaciya ta haska shi, Gwaggo ta wuce cikin ayarin mata ba tare da turereniya ba.

Abin da ya burge ni shi ne lissafin da ke ƙarƙashi. Raba jama'a rukuni-rukuni bisa sa'o'i fanni ne da masu ilimin kwamfuta suka daɗe suna nazari, har Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka tana da cibiyar binciken Hajji da Umara.

Sakacina ɗaya: ban yi cajin wayar ba. Saura kashi 4 muka isa ƙofa, gabana na faɗuwa.