Bulon Dienes wajen koyar da lamba mai ɗigo: inda yake aiki da inda yake gazawa

Akwatin bulon Dienes da ake magana a kansa shi ne wanda ake samu a hannun masu sayar da kayan makaranta, na roba, mai guda 161: ƙwaya 100, sanda 50, falle 10, da ƙaton dunƙule guda ɗaya. Ƙwayar santimita ɗaya ce ta kowane ɓangare. Sanda ƙwaya goma ce a jere, falle sanda goma ne a shimfiɗe, dunƙulen kuma falle goma ne a ɗore, wato ƙwaya 1000, daidai da lita ɗaya a cika. Ana danganta kayan da Zoltan Dienes, masanin lissafi ɗan ƙasar Hungary, wanda ya yaɗa koyar da yara lissafi da abin da hannu zai taɓa. Yawancin malamai sun san shi wajen koyar da gidan ɗaya, gidan goma da gidan ɗari. Tambayar a nan ita ce ko yana da amfani idan aka tsallaka ɗigo zuwa dama.

Yana da amfani sosai, amma da sharaɗi guda. Dole malami ya sauya wa kayan suna da gangan, a gaban yara. Yaron da ya yi shekara biyu yana kiran falle "ɗari" ba zai wayi gari ya yarda cewa "ɗaya" ne ba don kawai an faɗa masa. Takardar da ke zuwa cikin akwatin ma ba ta taimakawa, domin ɗaya, goma, ɗari da dubu take kiran su. Abin da ke aiki shi ne a ɗaga falle a ce yau wannan shi ne guda cikakke, sannan a tambaya: sanda nawa za su rufe shi? Yara su jera da hannunsu har goma. Daga nan sanda ta zama kashi ɗaya cikin goma, 0.1, ƙwaya kuma kashi ɗaya cikin ɗari, 0.01. Darasi ɗaya cur ya kamata a ba wannan, kuma a daina cewa "goma" da "ɗari", a koma kiran su da siffarsu: ƙwaya, sanda, falle. Idan aka yi gaggawa a nan, duk abin da zai biyo baya a kan yashi aka gina shi.

Inda kayan ya fi nuna ƙarfinsa shi ne gwada girman lambobi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ce 0.25 ya fi 0.3, saboda 25 ya fi 3. Hujjarsa ba ta wauta ba ce, ƙa'idar da ya koya a lambobi cikakku ya ɗauko: lambar da ta fi tsawo ita ta fi girma. A sa shi ya ajiye sanda biyu da ƙwaya biyar a kan falle ɗaya, sanda uku a kan wani. Idonsa zai gaya masa wanda ya fi rufe wuri, ba sai an yi musu ba. Haka 0.5 da 0.05: sanda biyar rabin falle ce, ƙwaya biyar ko sanda ɗaya ba su kai ba. Haka kuma 0.4 da 0.40, inda sanda huɗu ke zama daidai a kan ƙwaya arba'in. Wani abu da ke ƙara rura wutar wannan kuskure shi ne yadda ake karanta lambar. Wanda ya ce "sifili ɗigo ashirin da biyar" ya riga ya sa wa yaro ashirin da biyar a kunne. Gara "sifili ɗigo biyu biyar", ko mafi kyau, "kashi ashirin da biyar cikin ɗari".

A tarawa ana bukatar shimfiɗa, abin da akwatin bai zo da shi ba. Kwali ya isa, a raba shi gida uku, a yi ɗigo babba tsakanin gidan falle da gidan sanda. A ɗauki 1.47 da 0.85. Sama: falle ɗaya, sanda huɗu, ƙwaya bakwai. Ƙasa: sanda takwas, ƙwaya biyar. Ƙwayoyi suka haɗu 12, a mayar da goma a karɓi sanda ɗaya, saura biyu. Sanduna suka zama 13, a mayar da goma a karɓi falle, saura uku. Amsa 2.32. Yaron da ya yi wannan canji da hannunsa ya ga abin da "riƙe ɗaya" ke nufi, kuma ya gane dalilin da ake jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo: sanda da sanda ake tarawa. Wanda a da yake cewa 0.3 da 0.45 sun ba da 0.48 zai ga ya zuba sanda uku a gidan ƙwaya.

Ɗebewa ma haka, musamman irin 2 a cire 0.36, wadda ke rikita yara saboda babu komai bayan ɗigo a sama. A canza falle ɗaya zuwa sanda goma, a canza sanda ɗaya zuwa ƙwaya goma, sannan a cire. Saura falle ɗaya, sanda shida, ƙwaya huɗu, 1.64. Kada a bari yaro ya jera lambobin biyu a kan shimfiɗa kamar a tarawa. Ta sama kaɗai ake ginawa, a ɗebe daga cikinta.

Rabawa ita ce ta fi daɗi da wannan kaya. A raba 1.38 gida uku: falle ɗaya ba ya rabuwa ga mutum uku, sai a canza shi, sanduna su zama 13, kowa ya sami huɗu, saura ɗaya. A canza ta, ƙwayoyi su zama 18, kowa shida. Kowa ya tashi da 0.46. A gwada raba falle ɗaya tak gida uku kuma. Kowa sanda uku saura ɗaya, kowa ƙwaya uku saura ɗaya, kuma babu abin da ya fi ƙwaya ƙanƙanta a akwatin. Yara da kansu za su ce ai wannan ba ya ƙarewa.

A wajen sau ne ake bukatar taka-tsantsan. Lamba cikakkiya sau lamba mai ɗigo ba matsala, 0.4 sau 3 tuli uku ne na sanda huɗu. Amma 1.2 sau 1.3 sai an koma faɗin fili: falle a kusurwa, sanda biyu a gefe ɗaya, sanda uku a ɗaya gefen, ƙwaya shida su cike gurbin da ya rage. Jimla 1.56. Hoton yana da kyau, kuma shi ke nuna dalilin da 0.2 sau 0.3 ke ba da 0.06 ba 0.6 ba. Sai dai ma'anar kayan ta sauya a ɓoye: yanzu gefen falle ake aunawa a matsayin ɗaya. Yaron da bai san tsawo sau faɗi ba zai jera bulon daidai, ya rasa abin da ya yi.

Ƙaton dunƙulen shi ne mafi rauni a akwatin. Na roba holoƙo ne, cikinsa iska, don haka nauyinsa bai kai na falle goma ba. Yara da yawa suna ƙirga fuskokinsa shida su ce ƙwaya 600 ce a ciki. Maganin shi ne a ɗora falle goma kusa da shi su ga tsayinsu ɗaya. Sannan guda ɗaya ne kacal. Idan aka zo gida na uku bayan ɗigo, inda dunƙule ke zama ɗaya, falle 0.1, sanda 0.01, ƙwaya 0.001, ba za a iya gina 2.375 da akwati ɗaya ba. Ga kuma sauya suna karo na biyu, wanda ke mayar da raunanan ɗalibai baya. Daga wannan mataki gara a koma ƙananan fayafai masu lamba a jiki (1, 0.1, 0.01, 0.001), tunda yaro ya riga ya ga girman kowanne.

Batun yawa: yara biyu masu aiki tare suna bukatar aƙalla sanda 20 da ƙwaya 20, domin tarawa kan kai sanda 19 a gida ɗaya, da falle huɗu ko biyar. Kenan akwati ɗaya yara huɗu yake ɗauka, aji mai ɗalibai 40 kuma akwati goma. Falle ne ke fara ƙarewa, ƙwayoyi kuma su ke fara ɓacewa. Takarda mai gida-gida da aka yanka goma sau goma aka manna a kwali tana maye gurbin falle ba tare da an yi asarar komai ba.

Wajen zaɓe, a ɗauki mai launi ɗaya. Wanda kowane iri ke da launinsa yana sa yaro ya haddace "kore shi ne 0.1" maimakon ya duba girma. A duba tsagin da ke jikin sanda da falle, idan bai fito sosai ba yaro ba zai iya ƙirga ƙwayoyin ciki ba. Na soso ba ya ƙara a kan tebur amma yana lotsewa, iskar fanka ma tana kwashe shi. Na katako ya fi nauyin gaskiya, sai dai danshi kan kumbura shi har ƙwaya goma su ɗara sanda. Kada a haɗa na kamfanoni biyu kafin a gwada su gefe da gefe, kuma a nesanta ƙwayoyin daga yaran da ba su kai shekara uku ba, domin suna iya haɗiyewa.

Duk canjin da yaro ya yi da hannu, abokinsa ya rubuta shi a takarda nan take, sannan su yi musanyar aiki a tambaya ta gaba. Bayan 'yan darussa a sa su zana murabba'i, layi da ɗigo a madadin bulon, daga baya a bar su da lambobi zalla.